Taurin Sitiyari a Hanyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum: Inda Yake Fitowa da Yadda Ake Gyara Shi

Taurin sitiyari matsala ce da direba kan fara ji a damtsensa tun kafin bakanike ya gan ta da ido. Motar da a da ake juya kanta da hannu ɗaya, sai ga shi ba ta shan kwana sai an sa hannu biyu an haɗa da kafaɗa. Wani lokaci a hankali abin yake zuwa, mako bayan mako, har hannu ya saba, direba ya ɗauka dama haka motar take. Wani lokaci kuma farat ɗaya yake faɗowa ana cikin gudu. Sassan da ke iya jawo shi suna da yawa, tun daga iskar taya har zuwa famfon mai da na'urar lantarki, kuma kuɗin gyaransu ya yi wa juna nisa ƙwarai. Don haka aikin farko a kan sitiyarin da ya yi tauri shi ne gano inda taurin ya fito, a bi daga mai araha zuwa mai tsada, kafin a kwance ko da noti ɗaya.

A yammacin Jihar Zamfara ƙasa da yanayi suna ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Babban titin yankin ya rabu da hanyar Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ya bi ta Anka da Ɗaki Takwas ya shiga Gummi, wani reshe kuma ya nufi Zuru a Jihar Kebbi. Daga jikinsa ake sauka zuwa garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi, kuma hanyoyin ƙauyuka da yawa burji ne ko rairayi. Da hunturu ƙura ce, da bazara zafin da kan wuce digiri 40, da damina kuma taɓo da ruwan da ke cika fadamun Gulbin Zamfara. Motocin da ke ɗauke da rayuwar yankin, wato Golf da Sharan na haya, Hilux, bas ɗin Hiace da kantocin da ke kwasar buhunan hatsi daga kasuwanni irin ta Nasarawar Burkullu, akasarinsu sun ci shekaru a wata ƙasa kafin su iso. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta sa lalacewar mota a tsakiyar daji ta wuce maganar ɓata lokaci. Direban wannan yanki yana da dalilin da ya fi na kowa na kula da alamar farko tun yana cikin gari.

Yadda ƙarfin hannu ke isa taya

A yawancin ƙananan motoci, sandar da ta sauko daga kan sitiyari tana ƙarewa da ɗan ƙarfe mai haƙora. Haƙoran nan suna cije da na wata doguwar sanda da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wadda kanikawa ke kira rak. Idan an murɗa sitiyari, rak ya zame dama ko hagu, ya tura tayoyin ta hanyar tayirod. Manyan motoci irin kanta, da tsofaffin motocin daji, suna amfani da akwatin sitiyari mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, da dogayen sanduna zuwa ƙafafun gaba. Akasarin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975 ba su da wani mataimaki sai damtsen direba, shi ya sa kan sitiyarinsu yake da faɗi, tayoyinsu kuma sirara.

Taimakon mai ya samo asali ne daga Amurka. Wani injiniya mai suna Francis Davis ya nuna sitiyari mai aiki da matsin mai a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da shi a motar fasinja a 1951. Tsarin bai sauya sosai ba har yau. Akwai famfo da bel ke juyawa daga inji, yana jan mai daga ɗan gwangwaninsa ya tura shi cikin tiyo da matsin da kan kai psi 1,000 ko fiye idan an kai sitiyari ƙarshe. A wuyan rak akwai bawul da ke ɗauke da wani siririn ƙarfe mai murɗuwa. Da direba ya ja sitiyari, ƙarfen ya ɗan murɗe, bawul ya buɗe wa mai hanya zuwa ɓangare ɗaya na fistin da ke cikin rak, man ya tura fistin ɗin ya ɗauke wa hannu mafi yawan nauyin. Golf 3, Sharan, Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry ta 2007 zuwa 2011 akasarinsu a wannan tsari suke.

Bayan na hannu zalla da na mai, nau'i na uku shi ne na lantarki, wanda Suzuki ta fara fitarwa a ƙaramar motarta Cervo a 1988. Babu mai, babu famfo. Wani ƙaramin injin lantarki ne ke taimakon hannu. Corolla daga 2009, Camry daga 2012 da Honda Accord daga 2013, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, da shi suke aiki. Akwai kuma masu tsaka-tsaki irin Peugeot 307, inda mai ne ke tura rak amma lantarki ke juya famfon. Sanin nau'in da mota ke ɗauke da shi shi ne rabin bincike, kuma buɗe bonet ya isa: idan akwai gwangwani mai hoton sitiyari a murfinsa, motar ta mai ce.

Daga taya ake farawa

Tayar da iskarta ta ragu tana baje ƙasa da faɗi, sai ta ƙi juyuwa, musamman idan mota na tafiya a hankali. Wannan shi ne mafi arahar musabbabi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ƙananan motoci da yawa suna son iska tsakanin psi 30 da 35, amma ainihin adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗauki zafin hanya, kuma da geji mai aiki. Bugun taya da sifana ko danna ta da babban yatsa, kamar yadda wasu masu faci ke yi, ba ya bambance 22 da 32. Idan taya ɗaya ce ta yi ƙasa, motar za ta riƙa ja wajenta, sitiyari ya yi nauyi ta ɗaya ɓangaren. Sauya taya da wadda ta fi ta asali faɗi shi ma yana ƙara nauyi, kuma famfo ne ke biyan kuɗin wannan ado.

Akwai kuskuren fahimta game da lodi. Buhunan da aka jibga a bayan Golf ba su sa sitiyari tauri nan take. Suna ma ɗaga gaban motar ne, sitiyarin ya yi sako-sako, wanda hatsari ne na daban. Ɓarnar lodi tana zuwa ne ta bayan fage. Duk ramin da motar ta faɗa da nauyin da ya wuce ƙa'idarta, bugun yana sauka a kan boljoyin da tayirod da shokazoba, ya lanƙwasa wani ƙarfe, ya ɓata saitin ƙafa. Ƙafar da saitinta ya goce takan ci taya ta gefe guda, ta kuma sa sitiyari nauyi ko ja gefe.

Mai, bel da famfo

A motar da ke aiki da mai, gwangwanin man shi ne wuri na biyu. Akwai alamar ƙasa da ta sama a jikinsa ko a ɗan gejin da ke maƙale da murfi, sau da yawa kashi biyu, ta sanyi da ta zafi. Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, ba ya kuma tafiya da iska. Idan ya ragu, to yoyo yake yi. Wuraren yoyon sanannu ne: bakin tiyon da ke ɗauke da matsi inda roba ta haɗu da ƙarfe, tiyon da ke mayar da mai, sil ɗin bayan fulin famfo, da kuma sil ɗin cikin rak. Na ƙarshen yana ɓuya, domin man yana taruwa ne a cikin robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe bakin rak. Idan aka matsa robar da hannu aka ji ta cike, ko mai ya tsiyayo, an gano ɓarawon.

Al'adar da ta yi yawa a tasha ita ce a ajiye gorar mai a but, kowace safiya a ƙara kaɗan a kama hanya. Wannan yana iya kai mota gari, amma duk lokacin da man ya yi ƙasa famfo yana shaƙar iska, kuma mai shi ne kaɗai abin da ke sanyaya famfon yana hana ƙarfensa cin juna. Kukan da direbobi ke ji idan sun murɗa sitiyari, mai kama da gurnani, shi ne alamar. Idan aka leƙa gwangwani inji na aiki aka ga kumfa, iska na shiga, ko dai saboda ƙarancin mai ko ta wata tsohuwar roba a tiyon da famfo ke zuƙa. Gyaran tiyo ko zoben roba ɗaya a wannan mataki kuɗi kaɗan ne. Watanni kaɗan bayan haka famfo da rak za a nema gaba ɗaya, domin garin ƙarfen da famfon ya zubar yana bin mai ya shiga bawul.

Launin man ma yana magana. Sabo ja ne, ko ruwan zuma, ko kore, gwargwadon irinsa. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, zafi ya cinye shi. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, abin da ya kamata a duba a duk motar da ta tsaya cikin ruwa irin na ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024. A ƙasan gwangwanin motoci da yawa akwai siririyar raga mai tace datti. Idan ta toshe, famfo zai yi kukan yunwa alhali gwangwani cike yake. An sha sauya famfo mai lafiya saboda wannan raga.

Batun irin man da za a zuba ya cancanci tsayawa. Motocin Toyota masu famfo akasarinsu suna shan jan man giyar otomatik mai suna Dexron. Honda tana da nata man na musamman, kuma zuba mata jan man giya yana kawo kuka da yoyo. Motocin Volkswagen da yawa koren mai siriri suke so. Murfin gwangwani ko littafin mota ne ke raba gardama. Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne man birki: haɗinsa daban ne, kuma yana lalata robobin cikin famfo da rak. Gwangwanayen biyu suna kusa da juna a wasu motoci, don haka yaron mota da aka aika ya ƙara mai sai an nuna masa wurin da yatsa. Baƙin man inji shi ma ya yi kauri, yakan sa sitiyari nauyi da sanyin safiyar hunturu.

Sauya mai gaba ɗaya aiki ne mai sauƙi. Ana zuƙe na cikin gwangwani, a zare tiyon da ke mayar da mai a sa bakinsa cikin gora, a toshe gurbinsa, a ɗaga gaban mota a jak, a riƙa zuba sabo ana juya sitiyari har wanda ke fitowa ya yi tsabta. Abin da ke cikin tsarin duka bai fi kimanin lita 1 ba a ƙaramar mota, amma wankewa kan ci kusan 2. Bayan an mayar da tiyo sai fitar da iska: inji a kashe, tayoyi a sama, a kai sitiyari ƙarshen dama a dawo ƙarshen hagu a hankali sau 15 zuwa 20, ana cika gwangwani. Sannan a tada inji a maimaita har kumfa ta ɓace. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ji sabon famfo yana kuka irin na tsohon.

Bel kuwa, alamarsa ƙara ce mai tsini idan an tada mota da safe ko an kai sitiyari ƙarshe. Zafi da ƙura suna busar da shi ya tsattsage, ko cikinsa ya yi santsi yana sheƙi, ko man da ya ɗiga ya jiƙa shi ya riƙa zamewa a kan fuli. Bayan ratsa ruwa sitiyari kan yi tauri na 'yan daƙiƙoƙi saboda bel ya jiƙe. Idan ya dawo daidai da kansa, babu damuwa. A tsofaffin motoci ana ɗaure bel da ajasta, amma ɗauri fiye da kima yana kashe boris ɗin famfo. A motocin da bel ɗaya ke juya komai, tsinkewarsa na tsayar da caji, a wasu ma har da famfon ruwa, don haka taurin sitiyari tare da kunnuwar fitilar batir alama ce ta a tsaya a duba kafin inji ya yi zafi.

Idan mai ya cika, yana da tsabta, bel lafiya, amma sitiyari na tauri a silo sai an taka totur ya saki, to famfo ya gaji. Gejin matsi ne ke tabbatar da haka, ga garejin da ke da shi. Akwai direbobin da idan famfo ya mutu sai su cire bel su ci gaba da aiki da hujjar cewa 504 ma haka take. Lissafin bai yi daidai ba. Rak mai taimakon mai an yanka haƙoransa ne da zaton akwai mataimaki, ga tayoyi masu faɗi, ga man da hannu zai riƙa turawa ta cikin bawul. Irin wannan mota ta fi wadda aka ƙera ba famfo tauri nesa ba kusa ba, kuma ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi hannu ba zai iya kaucewa da saurin da ake buƙata ba.

Idan ƙarfe ne ya cije

A nan ne hanyoyin yankin suka fi yin ɓarna, kuma a nan ne bakanike mai haƙuri ke bambanta da mai gaggawa. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga tayoyin gaba biyu, a ɗora motar a kan abin da zai riƙe ta ban da jak, a buɗe makulli ba tare da tada inji ba, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan ya tafi sumul, ƙarfe lafiya yake, laifin na taya ne ko na mataimaki. Idan ya yi tauri ko yana cijewa yana saki, sai a kwance kan tayirod na dama da na hagu, a kama kowace ƙafa a juya ta da hannu. Ƙafar da ta ƙi juyuwa, boljoyin ɗinta ne ya bushe ko boris ɗin da ke saman shokazoba. Idan ƙafafun sun juya da sauƙi amma sitiyari bai saki ba, saura rak da sandar sitiyari.

Kowane boljoyin da kan tayirod yana da 'yar roba da ke riƙe giris a ciki, ta hana ƙasa shiga. Zafin bazara yana busar da ita, kututturen kara ko dutse ya yaga ta, daga nan aiki ya lalace. Rairayi ya shiga ya cakuɗe da giris, haɗin ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Damina ta zo, ruwa ya wanke sauran giris ɗin ya bar tsatsa. Ƙwallon ƙarfen yakan fara da cijewa, daga baya ya yi sako-sako, daga ƙarshe ya fita daga gurbinsa taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Haka robar bakin rak: idan ta yage, ruwa da yashi suna hawa sandar rak, tsatsa ta yi mata ƙuraje, ƙurajen su yanke sil. Da yawa daga rak ɗin da ake cirewa, yagewar wannan 'yar roba ce ta kashe su. Leƙa ƙarƙashin mota duk lokacin juyen baƙin mai ya isa ya kama wannan da wuri.

A ƙasan sandar sitiyari, kusa da ƙafar direba ko bayan inji, akwai ɗan kuros da ke ba sandar damar lanƙwasa. A motocin da yake waje, taɓo da ruwa suna samun sa. Alamarsa ba ta ɓuya: sitiyari ya yi tauri, ya saki, ya sake tauri a wuri ɗaya cikin kowane zagaye, kuma ya ƙi komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Fesa masa mai yana sassauta shi na ɗan lokaci, hakan kuma tabbaci ne cewa shi ne, amma sauyawa ce maganinsa. Duk wanda zai raba sandar da rak ya ɗaure kan sitiyari kada ya wulwula, domin akwai siririyar waya a naɗe a bayansa, mai kai wuta ga oda da jakar iska, wadda ke tsinkewa idan an juya ta fiye da iyakarta.

Shi kansa rak yana da nasa alamomin. Tauri da safe wanda ke sakin jiki idan mota ta ɗumama yana nuna bawul ya ci gidansa. Tauri ta ɓangare ɗaya kawai yana nuni ga bawul ko sil ɗin fistin. Tauri a wuri ɗaya bayan faɗawa babban rami na iya zama sandar ce ta lanƙwashe. A jikin rak akwai babban noti da ke danna sandar ga haƙora, kuma wasu kanikawa kan ɗaure shi tamau don su kashe ƙarar da mai mota ya kawo kuka a kanta. Ƙarar takan ɗauke, amma sitiyari ya cije ya daina dawowa tsakiya. Irin wannan ne bubbuga tsohon boljoyin da guduma don ya matse: yana ɓoye lalacewar ne, bai gyara komai ba, kuma bai kamata mai mota ya yarda da shi ba ko da kyauta ne.

Kanta da sauran manyan motoci suna da kimfin a maimakon boljoyin, da kawunan giris a jikinsa da jikin sandunan. Nauyin inji da gidan direba duk a kan ƙafafun gaba yake, don haka kimfin da ya bushe yana sa sitiyari nauyin da babu famfon da zai ɗauke. Ana ɗaga gaban motar a harba giris har tsohon ya fito da dattinsa, a maimaita a kai a kai, musamman bayan ratsa ruwa. Akwatin sitiyarin da ba na famfo ba yana da man giyarsa da ake dubawa.

Akwai kuma motocin da aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, don haka motar da aka ƙera da sitiyari a dama sai an mayar da shi hagu. Idan an yi aikin da walda da haɗe-haɗen sassan wata mota, sandar kan zauna a karkace, kuros ya riƙa aiki a kusurwar da ta fi ƙarfinsa. Irin wannan tauri ba ya jin mai ko giris. Mai sayen tsohuwar mota ya duba bangon da ke tsakanin inji da direba ko akwai alamar yanka da toshiya.

Wajen sayen kaya, ko daga Gusau aka kawo ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, rak ɗin Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, yana buƙatar a zame robarsa a ga sandar tana sheƙi babu tsatsa, a murɗa shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji babu cijewa. Famfo kuma a juya fulinsa a ji ko yana ƙara ko yana rawa. Ɗaura sabon kaya a kan tsohon baƙin mai asarar kuɗi ce. Wankewa da sabon mai suna cikin aikin.

Sitiyarin lantarki

Wannan nau'i yana da na'urar da ke auna ƙarfin da hannu ya sa, da ƙaramar kwamfuta da ke lissafa taimakon da za a bayar bisa gudun mota. Yana jan wuta mai yawa, har amfiya 60 ko fiye a lokacin fakin, saboda haka raunin batir ko na altaneta shi ne abin zargi na farko. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 inji a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki. Kan batir da ya yi gishiri, wayar as da ta saki, ko babban fis da ya ƙone, kowanne na iya kashe taimakon, fitila mai hoton sitiyari ko haruffan EPS ko PS ta kunnu a dashbod.

Na'urar tana kuma kare kanta daga zafi. Motar da ta kafe a rairayi aka yi ta murɗa sitiyari dama da hagu za ta rage taimako da kanta, ta dawo daidai bayan ta huta 'yan mintoci. Wannan ba lalacewa ba ce. Idan wuta lafiya take amma fitila ta ƙi mutuwa, sai an jona na'urar binciken kwamfuta a karanta lambar matsalar, abin da sau da yawa ke nufin tafiya Gusau ko Sakkwato. Yanke waya da haɗa ta bisa hasashe ya fi lalata irin wannan tsari fiye da gyara shi. Bayan sauya sandar sitiyari ko na'urar auna ƙarfi, motoci da yawa suna buƙatar a saita musu tsakiya da kwamfuta, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai fi ɗaya nauyi. Boljoyin da kuros na motar lantarki suna lalacewa daidai da na kowace mota, don haka gwajin ɗaga ƙafa yana nan daram.

A kan hanya da bayan gyara

Idan sitiyari ya yi tauri farat ɗaya ana cikin tafiya, haɗinsa da tayoyi yana nan, mataimakin ne kawai ya ɗauke. Direba ya riƙe da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki a hankali. Nauyin zai ƙaru yayin da gudu ke raguwa, don haka ya zaɓi wurin tsayawa mai miƙe. Idan bel ɗin famfo kaɗai ne ya tsinke kuma zafin inji bai tashi ba, ana iya lallaɓawa zuwa gari mafi kusa, wanda a wasu sassan hanyar ya fi tsayawa a daji aminci. Ajiye bel na safaya da gorar man da ya dace a but ƙaramin tanadi ne ga mai bin waɗannan hanyoyi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar mai ta ƙara jan hankalin wasu direbobi ga kashe inji a gangara. Da inji ya mutu famfon sitiyari ya tsaya, taimakon birki ya ƙare bayan taku ɗaya ko biyu, idan kuma makulli ya koma baya gaba ɗaya sitiyari na iya kullewa. Ɗan man da aka tsimi bai kai ran fasinja ɗaya ba. Haka nan riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5 zuwa 10 yana dafa mai, murɗa shi mota na tsaye cik da lodi kuma yana gajiyar da famfo da tayirod. Barin motar ta ɗan gangara kafin a juya yana rage musu wahala.

Duk aikin da ya taɓa rak, tayirod, boljoyin ko shokazoba sai an bi shi da saitin ƙafa. Kafin mota ta bar gareji a duba kowane noti ya ɗauru, fin ɗin da ke kulle shi yana ciki, robobi sun zauna da maɗaurinsu. Sannan a gwada ta a fili ba fasinja: kan sitiyari ya tsaya daidai idan mota na tafiya miƙe, nauyin dama da na hagu su zama ɗaya, ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Washegari da safe a sake duba gwangwanin mai da ƙasan inda motar ta kwana, domin ƙaramin yoyo a bakin sabon tiyo sai bayan tafiyar farko yake bayyana.